Ba Aljani Ne Ya Shiga Kunnena Ba

Assalamu alaikum Edita. Zan fara da gyara abin da kowa ya kuskure, don na gaji da jin labarina yana canza kama a bakin mutane. Ba aljani ne ya shiga kunnena ba. Ba girman kai ne ya hana ni gaida manya ba, kamar yadda dangin mahaifina suka fara ɗauka. Ba kuma wutar da ake cewa tana fita daga waya ce ta dafa mini ƙwaƙwalwa ba, duk da samarin layinmu sun rantse a kan haka. In kuka ce to mene ne, gaskiya ni ma ban gama ganewa ba har yau. Abin da na sani kawai shi ne kunnena na hagu ba ya ji kamar da, kuma ni da hannuna na kai shi inda yake.

A lokacin na gama sakandare ina zaune a gida a Kazaure, sakamako bai yi kyan da za a ci gaba da shi ba, sai aka kai ni koyon ɗinki shagon wata mata da muke kira Anti. Asalinmu mutanen Roni ne, aiki ne ya kawo Baba Kazaure, ya yi shekarunsa a sakatariya har ya yi ritaya. Ni kuwa tun ina ƙarama an san ni da rashin haƙuri. Ba na son dogon zance, ba na son a maimaita mini magana, in mutum ya fara kewaye-kewaye sai in ƙarasa masa. Shagon Anti kuma wuri ne da zai haukatar da irina. Janareto a bakin ƙofa, mai walda a maƙwabta, kekuna suna ta kaɗawa, ga matan da za su zo su zauna su yi ta bayanin wuyan riga ɗaya tun hantsi har azahar. Abin da yake raba ni da wannan hayaniyar shi ne littattafan da ake karantawa a waya, da waƙoƙi. In na toshe kunne, sai in yi ɗinkina cikin kwanciyar hankali.

Da farko iyafis mai igiya nake sawa. Wata rana Baba ya yi ta kirana daga zaure ina tsakar gida ban ji ba. Ya shigo, ya ɗauki almakashina na ɗinki ya datse igiyar a gabana, ya ce a gidansa ba a toshe kunne, duk wanda aka kira ya amsa. Na yi fushi na kwana biyu, na ce a raina wannan tsohon zamani ne kawai.

Ana nan sai wata ƙawata da muke koyon ɗinki tare, 'yar Babura, ta dawo daga gida da wani ɗan farin akwati da bai kai na ashana ba. Yayanta yana sayar da kayan waya a kasuwar can, har mutanen Nijar suna saya a wurinsa. Ta buɗe, sai ga wasu abubuwa biyu kamar ƙwayar wake, kowanne da 'yar roba mai laushi a baki. Ta ce bulutut ne, ba igiya, ba komai. Abin da ya fara zuwa raina shi ne almakashin Baba ba shi da abin yanka a nan. Muka raba, ita ta sa na dama, ni na sa na hagu, waya ɗaya tana yi mana karatu. Ɗankwali ya rufe, hijabi ya ƙara rufewa, babu mai gani. Sai ka ga tana can ƙarshen shago ina nan bakin ƙofa mun fashe da dariya a lokaci guda, Anti ta ɗago ta ce wai mu biyun nan ko mun haɗa wata ƙungiya ne a ɓoye, mu faɗa mata ita ma ta shiga. Mu kuwa sai mu ƙara dariya.

Ba a daɗe ba ƙawar tawa ta fara cewa kunnenta yana mata ƙaiƙayi, abin ya ishe ta. Da za ta koma Babura gaba ɗaya sai ta bar mini akwatin da duka biyun. Ko gogewa ban yi ba. Tunda na saba da hagu, in cajin nawa ya ƙare sai in ciro nata in tura a hagun, wancan ya koma akwati. Haka kunnen nan yake wuni a toshe. A shago nakan bar na dama don in ji Anti, amma saboda janareto sai na ƙure ƙarar har ƙarshe, wayar ta yi ta nuna mini wani jan rubutu ina dannawa ya wuce. A hanya da gida kuwa duka biyun nake sawa. Lokacin bazara ne, zufa tana bin bayan kunne a ƙarƙashin hijabi. In lokacin salla ya yi, in cire, in yi alwala, in shafa kunne da ruwa sosai don sanyin yana mini daɗi, ina sallamewa in mayar, wani lokacin ma ina gama alwala nake mayarwa kafin a ba ni wuri a kan darduma. Ban taɓa tunanin kunne yana bukatar ya bushe ba. Wa ya taɓa gaya mana?

Ƙaiƙayi ya fara. Na bi shi da gashin kaza, na bi shi da tsinken ashana, har da kan fil ɗin ɗinki. Duk wanda ya taɓa susar kunne ya san daɗin, har ido kake lumshewa. A cikin kwanakin ne na lura 'yar robar bakin ɗaya ta ɓace. Na duba akwati, na duba cikin ƙyallayen shago, na ce ta faɗi an share. Na ci gaba da tura ɗayan a hagun, marar robar kuma na mayar da shi dama. Daga nan sai kunnen ya yi nauyi, kamar in ruwa ya shiga lokacin wankin kai ya ƙi fita. Sai kuma wata ƙara ta fara bina gida, siririya, ba ta tsayawa. Wata rana ina tsince shinkafa na tambayi Inna wai wane mara tausayi ne yake barin janareto a kunne wuni guda a layin nan. Ta tsaya ta saurara, ta ce babu wani janareto, ko fanka ba ta juyawa. Na ce akwai mana, ga shi nan ina ji. Ta dube ni wani iri.

Sai ranar da abin ya fashe. Baba yana da yaya a Roni, muna ce masa Baffa, shi ne babban gidanmu gaba ɗaya. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini, in ya zo kuma sai ya ce a kira masa uwarsa ta sa masa albarka, in durƙusa ina dariya shi ya sa mini. Ranar wata Juma'a na dawo daga shago da la'asar, kunne biyu a toshe, labarin da nake ji ya kai wurin ban dariya. Na fito daga hasken rana na shiga zaure, idona bai gama washewa ba, na ga dai takalma na tsallake su, na wuce ina ƙyalƙyala dariya. Ashe Baffa ne zaune a tabarma shi da Baba. Daga baya aka ce mini ya kira Uwata, ya sake kira, har ya ɗaga murya, ni kuwa na wuce ta gabansa ina dariya kamar da shi nake. Bai jira abinci ba. Ya sa takalminsa ya tari ɗan acaɓa ya koma Roni.

Kafin Baba ya shigo na riga na cire na jefa akwatin cikin jakar ɗinki. Bai dake ni ba, da ma ba ya duka. Ya tsaya a kaina ya ce in gaya masa abin da yayansa ya yi mini. Na ce wallahi ban ji ba, wannan gaskiya ne. Na ce ban gan shi ba, wannan rabin gaskiya ne. Ya ce mutum mai kunne biyu a kira shi a zaure bai ji ba, to me ya toshe kunnen. A nan ne ya kamata in buɗe jaka in nuna masa. Sai na tuna almakashi, na tuna shago ba tare da abin ba, na yi shiru. Inna ce ta cike shirun. Ta ce wa Baba a bi a hankali, yarinyar nan ba lafiya ba. Ta ce ta sha ganina ina dariya ni kaɗai a madafi, ta sha jin ina magana babu kowa a ɗakin, ina jin janareton da babu mai ji, kuma kwanan nan kaina a karkace yake gefe guda. Ta ce ga shi hanyar shagon ta ƙarƙashin wata tsamiya take bi, da tsakar rana kuma nake wucewa. Duk abin da ta lissafa ya faru. Dariyar ta littafi ce, maganar waya nake amsawa, amma ta yaya za ta sani tunda hijabi ya rufe?

Edita, a nan ne nake jin kunyar kaina. Na bar su a haka. Na auna na ga gara a ce aljani ya taɓa ni da a ce na raina Baffa, don mai aljani tausayinsa ake ji. Kuma ya yi aiki. Labari yana isa Roni Baffa ya huce, ya aiko da zuma da saƙon cewa a gaida masa uwarsa, Allah ya yaye. Na sha zumar nan tana mini ɗaci a rai. Amma abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, ni ma fa na fara shakka. Don ko na cire abin na ajiye, ƙarar tana nan. Wani lokacin kamar kukan gyare, wani lokacin kamar ana hura iska a kwalba. In bulutut ne, me ya sa bai tafi da ƙararsa cikin akwati ba? Na fara kauce wa tsamiyar ina zagayawa ta bayan makaranta, ni da nake dariyar masu yin haka. Kuma don in danne ƙarar, sai in sake tura abin a kunnen in ƙure waƙa. Ku duba wannan wauta.

Ciwo ya zo sosai. In na tauna tuwo sai in ji har cikin muƙamuƙi, in hijabi ya goga kunnen sai hawaye. Inna ta ɗumama man zaitun ta ɗiga mini, wata gwaggona ta kawo wani mai da ta ce an yi masa tofi, shi ma aka ɗiga. Ni kuma na biya kyamis na ce ƙanwata ce kunnenta ke ciwo, aka ba ni wani ɗigo na ƙara a kai. Kowa yana zubawa, babu mai leƙawa. Ɗan acaɓan da yakan ɗauke ni, yaron layinmu ne, shi kaɗai ya san ina sa abin don ya taɓa ganin ina gyara shi. Rannan ya ga ina riƙe da kunne sai ya ce Hajiya ƙarama ai na gaya miki, wannan abin wuta yake aikawa daga kunne zuwa kunne, ta tsakiyar kai take bi, a hankali take dafa ƙwaƙwalwa kamar ƙwai a tukunya. Na ce masa ya yi tuƙinsa, shi da ko jarrabawar aji uku bai ci ba zai koya mini kimiyya. Ya ce to Likita, Allah ya ba da lafiya. Na sauka ina masifa, amma maganar ta zauna. Da safe na tashi na ga wani ruwa rawaya-rawaya ya ɓata matashina, yana wari. Na zauna ina kallonsa, na ce shi ke nan, ƙwaƙwalwata ce ta narke take zubowa. Na cire rigar matashin na wanke kafin Inna ta gani.

To kun ga inda nake. Inna ta ce aljani, ɗan acaɓa ya ce wuta, ni na san akwai abin da na ɓoye, kuma kowanne in na zauna na yi tunani sai in ga kamar shi ne. Na rasa wanda zan tambaya, don duk tambayar da zan yi sai ta tona ni.

Baffa ne ya turo malamin ruƙiyya daga Roni, wani dattijo mai sanyin murya. Da hantsi aka shimfiɗa tabarma a ɗakin Inna, aka zaunar da ni, Inna ta riƙe hannu ɗaya, Gwaggo ta riƙe ɗaya, Baba yana bakin ƙofa. Malam ya fara karatu daga ɗan nesa, ban ji komai ba sai kunya. Sai ya matso ta hagu ya ɗaga murya, ya ce wa Gwaggo ta tallafe kaina kada in kauce. Ta ɗora tafin hannunta daidai kan kunnen ta danna. Wallahi ban san lokacin da na kurma ihu ba, wani abu ya tsaga mini kai har cikin ido. Gwaggo ta hau salati tana cewa ya fito, ya fito, ta ƙara dannawa tana tambaya wai wane ne kai, daga ina ka zo, me ta yi maka. Ni ina ihu ina cewa ku sake ni kunnena ne, ita tana cewa kun ji ko, ya ce a kunne yake zaune. Inna tana kuka. Ni kaina a wannan lokacin da an ce in rantse babu kowa a jikina ba zan iya ba, don muryar da ta fita daga bakina ban san ta ba.

Malam ne ya tsayar da karatun. Ya ce a sake ta. Sannan ya ce wa Inna yana jin wani wari, ta ɗaga hijabin ta gefen nan ta duba. Ta ɗaga, ta ga kunnen ya kumbura ya yi ja, ruwa yana bin wuyana. Malam ya juya wajen Baba ya ce Alhaji addu'a ba ta ɓaci, zai ci gaba da yi mata, amma wannan kunnen na asibiti ne, kuma yau, kada a kai gobe. Gwaggo ta ce ai su ne suke kawo ruwan. Ya ce to in su ne ma, a je a wanke musu wurin zama.

Baba da kansa ya kai ni. Muka yi layi har aka kira mu wurin wata ma'aikaciya mai duba kunne, ba ta da wasa a fuska. Ta haska fitila ta leƙa, ta ce me aka zuba a nan. Baba ya ce mai ne. Ta ce mai kala nawa. Ta goge, ta sake leƙawa, ta daɗe, sannan ta ce in riƙe kujera kada in motsa. Ta sa wani siririn ƙarfe mai baki biyu. Na ciji hijabina. Sai na ji kamar an zare toshiyar kwalba, iska ta shiga. Ta ajiye abin a wani ɗan faranti ta tura gaban Baba. 'Yar robar nan ce da na ce an share a shago, ta yi baƙi ta kumbura. Ashe tana ciki duk tsawon lokacin, ina tura ɗayan a kanta, ina bin ta da tsinke ina ƙara cusa ta.

Baba ya sa tabarau ya duba ya ce wannan mene ne. Matar ta ce ya tambayi 'yarsa. Babu sauran wurin ɓuya. Ta yi ta jero tambayoyi ina amsawa a gabansa. Tun yaushe nake sawa, awa nawa a wuni, da wa muke raba shi, ina gogewa, me nake susa da shi, ina ƙure ƙara, ina bari kunnen ya bushe bayan alwala. Kowace amsa ta fi ta baya muni. Baba yana dai kallon farantin. Ni da bakina da ba ya shiru sai na ce mata to ruwan da yake fita ƙwaƙwalwata ce ko. A nan ne kawai ta yi dariya, ta ce in da ƙwaƙwalwa tana zuba ta kunne da rabin garin nan sun ƙare, mugunya ce ta ciwo. Na ce zancen wutar fa. Ta ce ita dai ba ta san wata hujja da ta tabbatar da shi ba, kuma ba shi ya kawo ni ba. Abin da take gani da idonta shi ne kunnen da aka toshe da danshi, aka yi masa rauni da tsinke, aka zuba masa abin da ba a sani ba, aka kuma yi ta buga masa ƙara. Na ce to a cikinsu wanne ne ya yi mini. Ta ce duka suna iya yi, ba za ta iya ware mini ɗaya ba. Na ce ƙarar da nake ji za ta tafi. Ta ce wataƙila, wataƙila kuma a'a, a bari ciwon ya warke tukuna, in ji bai dawo daidai ba sai an je Kano an auna da na'ura. Ni da ba na son amsa mai wataƙila, ita aka ba ni na taho da ita.

A hanyar dawowa muna cikin a-daidaita-sahu, Baba yana zaune ta haguna. Muka yi nisa. Can sai na ga ya juyo, bakinsa yana motsi, ya faɗi wani abu gajere. Ban ji ba. Na ce na'am Baba. Ya dube ni, ya dubi audugar da ke kunnen, ya kawar da kai ya ce bar shi. Har yau ban san me ya ce ba. Ko faɗa ne, ko sannu ce, ko ya yafe ne. Na tambaye shi daga baya ya ce ya manta. Duk ciwon da na sha babu wanda ya tsaya mini a rai kamar wannan. Da muka isa gida na ciro akwatin na miƙa masa da hannu biyu. Bai nemi almakashi ba, ya sa a aljihu.

Yanzu kumburi ya saɓe, ruwa ya tsaya, ina cin tuwona lafiya. Amma hagun kamar an cusa auduga, kuma gyaren nan yana nan, ya fi damuna in wuri ya yi tsit. A shago in Anti ta yi magana ta wannan gefen sai na juyo gaba ɗaya, ni da nake jin haushin a maimaita mini magana yanzu ni ce mai cewa me kika ce. Inna ta yarda da zancen robar amma har yanzu tana tofa mini a ruwa, ina sha, ban ga laifi ba. Gwaggo kuwa ta ce ai su ne suka tura robar ciki, in ba haka ba ta yaya za ta shige. Ɗan acaɓa yana nan a kan wutarsa. Na kira ƙawata ta Babura na ce ta je a duba nata kunnen, ta ce ita tun da ta daina sawa ƙaiƙayin ya tafi, abin da ya ƙara rikita ni ke nan, don abu ɗaya muka sa.

Ba zan yi muku ƙaryar cewa na tsani bulutut ba, har yanzu in janareto ya tashi ina kewarsa. Ban kuma san ko shi kansa mugun abu ne ba. Amma 'yan uwana mata, musamman mu da hijabi yake rufa mana asiri, ku ji daga wadda ta gani. Kada ki mayar da shi kunne a jiƙe. Kada ki karɓi na wata ki tura ba gogewa. Ki duba robar tana nan duk lokacin da kika cire. In wayar ta ce ƙara ta yi yawa, ta fi ki gaskiya. In ya fara ƙaiƙayi ki ba shi hutu, ki bar gashin kaza a jikin kaza. Kuma in ciwo ya zo, ki faɗi abin da kika sa tun da wuri, don duk maganin da aka yi mini na kuskure, a kan ƙaryata aka gina shi. Mutanen gidanmu ba su cuce ni ba, abin da na nuna musu suka yi wa magani.

Saura abu biyu da nake ta gudu. Kanon da aka ce in je ban je ba, tsoro nake ji a auna a ce ba zai dawo ba. Baffa kuma har yau bai san gaskiya ba, yana can yana gaya wa mutane an taɓa masa uwa amma Allah ya kawo sauƙi. Baba ya ce ba zai faɗa masa ba, bakin da ya ɓoye shi zai buɗe. To na gaji da gudu. Juma'ar nan ba zan jira ya zo ba, ni zan hau acaɓa in same shi a Roni. Zan durƙusa in gaya masa ba aljani ne ya wuce shi a zaure ba, uwarsa ce da kunne a toshe. In ya gama fushinsa zan roƙe shi ya kai ni Kano da kansa a auna. Kuma zan zauna ta yadda kunnena na dama zai fuskance shi, don duk abin da zai faɗa, mai daɗi ko mai zafi, wannan karon ina so in ji.